Fitilu masu bin kiɗa a cikin Corolla: yadda wayarin ya cinye rediyo da yadda aka sake shi

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin waɗanda suka cika titunan Kano. Mai ita matashin ɗan kasuwa ne. Ya cire rediyon kamfani ya sa mai allo, ya ƙara amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a but tare da wufa guda mai inci 12, wato babbar sifika mai fitar da bugun ƙasa. Daga baya ya sayo fitilun LED masu bin kiɗa, irin waɗanda ke zuwa a naɗe kamar tef, da ɗan akwatin da ke sarrafa su, wato kwantirola, da rimot ɗinsa. An liƙa guntaye huɗu masu rabin mita a ƙarƙashin dashbod da kujerun gaba, aka zagaye wufa da mita biyu. Jimilla mita huɗu ke nan.

Da motar ta shigo garejinmu, abu uku ne suka mutu: sifikar baya ta hagu ta yi shiru, wufa ba ta tashi, fitilun ma ko ƙyaftawa ba sa yi. Mai motar ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Ya ce, "Oga, kayan ne jabu. A sayo masu tsada a canza kawai." Kayan dai ba wasu na a zo a gani ba ne, amma ba su suka yi ɓarnar ba. Da mun canza su a kan wayarin ɗin da muka tarar, da sababbin ma hanyar tsofaffin za su bi.

Yadda aka kai ga haka

Sai da muka zare rediyon muka ga tarihin aikin a rubuce a jikin wayoyi. Duk inda aka taɓa fere waya aka naɗe da baƙin tef, akwai labarinsa, kuma mai motar ya cike mana gurbin.

Rediyoyin mota na kasuwa kusan duk kala ɗaya suke bi. Rawaya ita ce wutar batir da ba ta ɗaukewa ko an zare makulli. Ja tana kawo wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta bodi ce. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya idan an kunna rediyo. Sifikoki kuma fara da mai ruwan toka na gaba ne, koriya da mai ruwan shunayya na baya, kowacce da 'yar'uwarta mai ratsin baƙi.

Wanda ya fara haɗa fitilun ya ɗebi wuta daga wayar rawaya. Kwantirolar tana da ɗan makirufo a ciki, shi ke jin sauti ya motsa fitilu. Tunda wutar ba ta ɗaukewa, duk daren da mai motar ya manta bai kashe da rimot ba, kwantirolar tana nan tana saurare. Gidansa kuma akwai janareton maƙwabta da ke kwana yana ruri a bayan katanga. Fitilun sai su kwana suna rawa babu mai kallo. Irin wannan zaren, mai ƙwayoyi 60 a kowace mita, yana cin wat 14.4 a mita idan ya cika haske, wato amfiya 1.2. Mita huɗu sun kusa amfiya 5. Ko da kashi ɗaya cikin uku na wannan suka riƙa ja, awa goma sun cinye kusan amfiya-awa 16, batirin kuwa na 45 ne kuma ya sha zafin Kano. Da safe sai turi.

Ya koma da ƙorafi biyu: batir na mutuwa, sannan fitilun ba kiɗa kaɗai suke bi ba. Suna bin hon, suna bin hirar fasinja, suna bin kowane rami da taya ta faɗa. Garin gyaran gira aka rasa ido, domin gyare-gyaren biyu da aka yi masa a wannan komawar su suka kashe rediyon.

Na farko, aka cire wutar daga rawaya aka mayar kan shuɗiya mai ratsin fari, don fitilu su riƙa mutuwa tare da rediyo. Tunanin daidai ne, wayar ce ba ta aikin ba. Wannan waya saƙo kawai take kaiwa. A takardun rediyoyin Pioneer, misali, an rubuta ƙarara cewa iyakarta miliamfiya 300. An ɗora mata abin da ya ninka haka fiye da sau goma sha biyar. Mai motar ya tuna cewa kafin komai ya mutu, duk lokacin da fitilu suka haska da ƙarfi sai wufa ta ɗauke ta dawo. Dalili shi ne wutar da ke kan wayar tana faɗuwa ƙasa, amfilifaya ta ɗauka an kashe rediyo. Daga ƙarshe ɗan taranzistan da ke ba wayar wuta a cikin rediyon ya ƙone, wufa da fitilu suka tafi tare.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawan kama masu wayarin, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Kwantirolar tana da ramin sa jak, irin na abin sauraro na kunne, don a ba ta sauti kai tsaye maimakon makirufo. Sai aka fere koriya da koriya mai ratsin baƙi, wayoyin sifikar baya ta hagu, aka haɗa da jak ɗin. An ɗauka mai ratsin baƙin negetib ce kamar ta batir. Ba haka ba ne. A rediyon mota na zamani duka wayoyin sifika biyu suna ɗauke da wuta. Aisin da ke ciki, wato ɗan guntun lantarkin da ke ƙara ƙarfin sauti, irin su TDA7388 da TDA7850, yana tura ɗaya sama yana jan ɗaya ƙasa a lokaci guda, don ya sami ƙarfin sauti daga ɗan bolt 12 zuwa 14 da mota ke bayarwa. Duk mai shakka ya kunna rediyo, ya sa mita a kan DC, ya ɗora baƙin tsinke a bodi, jan kuma a kan kowace wayar sifika. Zai ga kusan rabin wutar batir, bolt 6 zuwa 7, a kan dukansu biyun. A cikin kwantirolar kuma gindin jak a haɗe yake da negetib ɗin wuta, wanda ke kan bodi. Ke nan an ɗauki waya mai wuta an manna ta da bodi ta bayan gida. Waɗannan aisin suna da kariya, sukan katse sauti idan sun ji haka, shi ya sa rediyon ya yi ta shiru yana dawowa. Amma an ci gaba da tuƙi a haka, cikin dashbod mai zafi, har layin ya mutu.

Rediyon muka kai wa mai gyaran rediyo, ya canza aisin da taranzistan. Mu kuma muka kwashe duk wayoyin fitilun muka fara daga tushe.

Abin da ya sami fitilun kansu

Da muka gwada zaren kai tsaye a kan batir, sun kama, amma farin ya koma ja-ja, wasu wuraren shuɗi da kore sun mutu gaba ɗaya. Wannan ba daga gyaran da aka yi ba ne, tun ranar farko ya soma.

An ƙera zaren ne don bolt 12 cif. Mota kuwa idan inji na aiki altaneta tana ba da 13.8 zuwa 14.4. Mutum zai ce bambancin bolt biyu ne kawai, me zai yi? A kowane yanki na zaren ƙwayoyi uku ne a jere da rezista guda, mai taƙaita wutar da ke bi ta cikinsu. Ƙwayar shuɗi ko kore tana riƙe kusan bolt 3.1, uku sun riƙe 9.3. Abin da ya rage wa rezista mai om 150 shi ne 2.7, wanda ke ba da miliamfiya 18, daidai abin da ƙwayar ke so. A bolt 14.4 ragowar ta zama 5.1, wutar ta haura miliamfiya 34, kusan ninki biyu. Ja ba ta shan wannan wahalar sosai, domin ƙwayoyinta uku bolt 6 kacal suke riƙewa kuma rezistanta ya fi girma, daga 18 zuwa kusan 25 take tashi. Shi ya sa a motoci shuɗi da kore ke riga mutuwa. Idan aka haɗa da zafin watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40 balle motar da aka rufe a rana, ba sa daɗewa. Gam ɗin bayansu ma narkewa yake, zaren ya saki ya rataye. Guntun da ke gefen direba mun same shi yana lilo kusa da fedar birki, kuma a wurina wannan ya fi rediyon da ya ƙone tayar da hankali.

Sabon wayarin: hanyar wuta

Ƙa'idar da muka bi ita ce wuta ta zo ta hanyarta, sauti ya zo ta tasa, kada su haɗu sai a cikin kwantirola.

Mun ja sabuwar waya mai kaurin milimita 1.5 daga kan batir, ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Idan ka kankare silin da wuƙa ka ga fari a ciki, ita ce, kuma ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske. Fiyus mai amfiya 7.5 muka sa, tazarar taƙi ɗaya daga kan batir. Aikin fiyus kare waya ne, don haka duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus a buɗe yake, idan ya goge da ƙarfe babu abin da zai tsayar da wuta. Masu harkar sauti suna cewa kada ya wuce santimita 45. Wayar ta shiga cikin mota ta robar da sauran wayoyin kamfani suka bi, ba ta ramin ƙarfe tsirara ba.

Daga nan sai rile, makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ta naɗin wayar da ke cikinsa don babbar wuta ta wuce, irin na kowa mai ƙafa huɗu ko biyar. Wayar batir ta hau lamba 30. Lamba 87 ta tafi wajen fitilu. Lamba 85 ta sauka bodi. Lamba 86 ta karɓi shuɗiya mai ratsin fari, amma ta bi ta wani ɗan makunni da muka dasa kusa da sitiyari. Yanzu abin da wayar rediyon ke ɗauka shi ne naɗin rile, kusan miliamfiya 150, da ɗan abin da amfilifaya ke buƙata don ta tashi. Mun gitta dayod 1N4007, wanda ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, tsakanin 85 da 86, zoben yana fuskantar 86. Naɗin rile idan aka yanke masa wuta yakan mayar da wani tartsatsi baya, kuma ba ma so ya koma kan taranzistan da aka canza jiya-jiya. A kula dai, idan aka juya dayod ɗin baibai, shi kansa ya zama gajeriyar hanya zuwa bodi.

Tsakanin rile da kwantirola mun sa ƙaramar na'urar daidaita wuta mai amfiya 10, irin wadda ke ragewa idan wuta ta yi yawa ta kuma ƙara idan ta gaza, ta tsaya a bolt 12. Akwai mai ragewa kawai, ta fi araha, sai dai idan inji a kashe yake fitilun za su ɗan dusashe. Ba laifi ba ne, wasu ma sun fi son haka.

Negetib ɗin kwantirola a da an murɗa shi ne a kan baƙar wayar rediyo. Mun raba su. Mun nemi noti a ƙarfen bodi na ainihi, muka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka ɗaure da zobe. Wayoyin da ke ƙarƙashin kujera masu soket rawaya ba mu taɓa su ba, ko da tsinken mita, domin na jakar iska ne.

Hanyar sauti, inda aikin ya fi cin lokaci

Hanya uku ce ake ba irin wannan kwantirola sauti. Makirufo shi ne mafi sauƙi kuma ba ya iya lalata komai, tunda babu wayar da ta haɗa shi da rediyo. Ga wanda kawai yake son ɗan ado a mota, ni shi nake ba shawara, a ajiye kwantirolar kusa da sifika a rage mata ji. Mai Corolla ya riga ya gwada bai gamsu ba. Hanya ta biyu ita ce wayar sifika, amma sai ta bi ta akwatin rage sauti mai taransifoma a ciki, wanda ke raba wayoyin rediyo da bodi. Wannan ta wanda rediyonsa ba shi da ramukan RCA ce. Ta uku ita ce RCA ɗin kanta, jajaye da fararen ramukan da ke bayan rediyo, masu fitar da sauti mara ƙarfi, bolt 2 zuwa 4 a mafi yawan rediyoyi. Ita muka ɗauka.

Akwai ta huɗu da yara ke yi, su haɗa zaren kai tsaye a wayar wufa don ya riƙa walƙiya da kowane bugu. Yana yi kuwa, na ɗan lokaci. Amfilifaya mai wat 300 a kan wufa mai om 4 tana fitar da kusan bolt 35, ƙololuwar bugun ta kusa 49, a kan abin da aka yi don 12.

Da farko mun raba RCA ɗin wufa gida biyu da 'yar waya mai reshe, ɗaya ya tafi amfilifaya, ɗaya kwantirola, da abin murɗawa mai kilo-om 10 a tsakani don rage ƙarfi. Da gangan muka fara gwadawa babu taransifomar raba layi, wadda ke wuce da sauti ba tare da ta haɗa bodin na'urorin biyu ba, domin ba kowace mota ke buƙatarta ba. Wannan ta buƙata. Muna tayar da inji sai ga ƙara iri biyu a wufa da sifikoki, kuma yana da kyau mai wayarin ya iya bambance su da kunne. Ɗaya siririn kuka ne da ke hawa idan an taka totur ya sauka idan an saki. Wannan altaneta ce. Ɗayar zuza ce da ba ruwanta da totur, amma tana canzawa idan fitilu suka canza kala ko haske. Wannan kwantirolar ce, domin yadda take rage haske shi ne ta kunna ta kashe wuta sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda.

Gwajin bai da wuya. Muka zare jak ɗin daga kwantirola, fitilu na ci, ƙarar ta ɗauke. Ke nan ta wayar sautin take bi. Rediyo yana da bodinsa a gaba, amfilifaya nata a but, kwantirola nata a ƙarƙashin kujera, kuma garkuwar wayar RCA ta ɗinke su wuri guda. Ɗan bambancin wuta da ke tsakanin wuraren uku sai ya sami hanyar zagayawa ta cikin wayar sauti. Muka sa taransifomar raba layi a reshen da ke zuwa kwantirola kaɗai. A reshen amfilifaya ake yawan sa ta, amma masu arahar sukan rage zurfin bugun wufa, kuma babu dalilin taɓa sautin mutum saboda fitila. Kukan altaneta ya tafi. 'Yar zuzar da ta rage ta tafi bayan mun ƙara kafasita mai maikirofarad 2200, bolt 25, a bakin wutar kwantirola, muka kuma raba hanya: wayoyin fitilu ta gefen fasinja, RCA ta inda take tun asali.

A nan muka ɗauka an gama. Da kiɗan zamani mai bugun ƙasa fitilun suna tafiya daidai, babu ruwansu da hon ko hira. Sai mai motar ya sa abin da ya fi saurare a doguwar tafiya, kiɗan kalangu da na gurmi. Fitilun suka yi tsit, sai ɗan motsi jefi-jefi. Ya ce, "Oga, ai ba sa jin Hausa." Ramin wufa na rediyon an saita shi ya tace ya cire duk abin da ya haura haz 80, haz kuwa shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti. Gangar kiɗan zamani tana sauka ƙasa da haka, kalangu kuwa muryarsa tana sama, gurmi da kuntigi sun fi shi ma. Abin da bai wuce matatar ba, kwantirola ba ta san da shi ba.

Ɗaga matatar rediyon zai ɓata sautin wufa, don haka muka mayar da reshen kan RCA ɗin baya, mai fitar da sauti duka, muka yi wa fitilun tasu matatar: rezista mai kilo-om 10 a jere, kafasita zuwa negetib. Da maikirofarad 0.1 tana yankewa a wajen haz 160. Da 0.047 tana kai wa wajen 340. Ta biyun ce ta kamo kalangu, ita muka bari. Akwai kwantiroli masu raba sauti gida-gida, wasu da aisin MSGEQ7 da ke kasa shi kashi bakwai daga haz 63 zuwa 16,000, kowace kala ta bi nata kason. Sun fi kyau nesa ba kusa ba, amma sai an canza kwantirolar, wani lokaci har da zaren, kuma mai motar bai shirya wannan kashe kuɗin ba.

Buɗe matatar ya zo da nasa. Muryar namiji tana faɗawa cikin wannan zangon, don haka fitilun suna motsi da labarai, suna motsi da wa'azi da karatun Alƙur'ani. Mai motar da kansa ya ce wannan ba zai yiwu ba, musamman idan ya ɗauko mahaifinsa. Makunnin da muka dasa kusa da sitiyari ya yi maganin wannan. Dannawa ɗaya rile ya saki, fitilu su mutu, rediyo da wufa su ci gaba, ba sai an lalubi rimot ana tuƙi ba.

Abin da muka ƙi yi, da abin da ya rage

Ya so a ƙara zare a ƙarƙashin mota da cikin ragar gaba, ja da shuɗi. Mun ƙi. Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun keɓe jiniya da fitilu masu walƙiya ga wasu jami'ai da motocin agajin gaggawa, kuma ja da shuɗi masu ƙyaftawa a gaban mota gayyatar jami'an kiyaye haɗura ce da 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Ko babu doka, mai tahowa da daddare ba ya buƙatar abin da zai ɗauke masa ido. A ciki ma guntun gefen direba mun tura shi can ciki yana kallon ƙasa, muka zauna a kujerar da dare muka tabbatar ba ya haskawa a gilashin gaba. Sababbin zaren duk mun ɗaure su da igiyar roba a kan gam ɗin, kuma kowane haɗi an yi shi da dalma an rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Da aka zare makulli muka auna abin da motar ke ja daga batir, ya dawo ƙasa da miliamfiya 50, yadda ya kamata mota irin wannan ta kasance. Batirin dai ya riga ya jigata da yawan mutuwa, mun gaya masa ya fara tanadin sabo.

Matsala ɗaya ba ta warware ba. Sautin RCA yana hawa da sauka tare da maɓallin ƙara sauti, don haka fitilun suna rawa daidai ne kawai a zangon da muka saita su, wato inda ya saba saurare. Idan ya rage sosai sai su kwanta, idan ya ƙure sai su tsaya a kunne. Haka kuma idan ya karkatar da sauti gaba ɗaya zuwa sifikokin gaba, reshen baya ya bushe. Maganin na dindindin shi ne kwantirola mai daidaita ji da kanta. Kafin nan mun fito masa da abin murɗawar zuwa cikin aljihun da ke kusa da giya, inda hannunsa ke kaiwa.